Amino Asid: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sinadaransu da Tsarin Gininsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin ɗaliban sakandare masu shirin WAEC da NECO, da 'yan ajin farko a jami'a, da masu karatun jinya da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Galibinsu abu ɗaya ke ba su wahala: an miƙa musu sunaye 20 an ce su haddace, ba wanda ya zauna ya nuna musu cewa gindin duka ɗaya ne, reshe kawai ya bambanta. An fara da masu sauƙi, a hankali aka shiga masu zurfi.

Mene ne amino asid?

Ƙaramin sinadari ne wanda idan aka jera irinsa da yawa, aka ɗaure su baki da baki, sai a samu furotin. Tsokar jikinka, gashinka, farcenka, himogulobin da ke ɗaukar oksijin a jini, insulin mai daidaita sukari, da enzaim ɗin da ke narkar da tuwon da ka ci, duk furotin ne, kuma duk da amino asid aka gina su. Idan ka ci wake ko kifi, ciki da hanji ne ke warware furotin ɗin ya koma amino asid ɗai-ɗai, jini ya kwashe su, kowace ƙwayar halitta ta ɗebi abin da take buƙata ta sake jera su yadda ya dace da aikinta.

Waɗanne atom ne a cikinsa, kuma yaya aka jera su?

Huɗu ne ba a rasawa: kabon, haidirojin, oksijin da naitirojin. Naitirojin ɗin ne ya raba amino asid da sukari da mai, domin su ba su da shi. Biyu daga cikin 20 ɗin, sistayin da metiyonin, suna da ƙarin salfa.

Ɗauki takarda ka rubuta C a tsakiya. Wannan shi ne alfa-kabon, kuma abu huɗu yake riƙewa. A hagunsa rubuta NH₂, wato rukunin amino. A damansa rubuta COOH, rukunin kaboksil, wanda shi ne asid ɗin. A sama sa H guda ɗaya. A ƙasa rubuta R. Ukun farko ba sa canzawa a kowane amino asid, R kaɗai ke canzawa, shi muke kira reshe. Idan R ɗin H ne, ka zana gilaisin, mafi ƙanƙanta, C₂H₅NO₂, mai nauyin 75 idan aka ɗauki nauyin H ɗaya a matsayin 1. Idan CH₃ ne, ka zana alanin, mai nauyin 89. Mafi girma shi ne tiriftofan, mai zobba biyu a reshensa, nauyinsa 204.

Kada shimfiɗar takarda ta ruɗe ka. A zahiri abubuwa huɗun nan ba a kwance suke ba, kowanne ya nufi nasa sashe, da kusurwar digiri 109.5 ko kusa da haka tsakanin kowane biyu. Daga nan batun L da D ya taso, yana nan gaba.

Ta yaya abu ɗaya zai zama asid kuma ya zama bes?

Asid shi ne mai sakin H⁺, kamar ruwan lemun tsami. Bes shi ne mai karɓarsa, kamar kanwa. Amino asid yana da duka biyun a jikinsa: kaboksil na saki, amino na karɓa. A cikin ruwa mai pH (ma'aunin tsami) kusan 7, ko a jini wanda nasa ke tsakanin 7.35 da 7.45, kaboksil ya riga ya saki nasa ya zama COO⁻, amino kuma ya karɓa ya zama NH₃⁺. Gefe ɗaya cajin +, ɗaya gefen cajin −, in an haɗa lissafi sifiri. Wannan siffa mai caji biyu ita ake kira zuwitarayon, kuma ita ce ainihin kamanninsa a jiki. Zanen NH₂ da COOH da ke littafi don sauƙin koyarwa aka yi shi.

Akwai shaida a fili. Asetik asid, wanda ke sa binega tsami, ruwa ne a zafin ɗaki, yana narkewa tun a digiri 17. Cire masa H ɗaya ka sa NH₂, ka samu gilaisin. Sai ga farin gari mai ƙyalli wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 230, a nan ma lalacewa yake yi. Dalili shi ne cajin + na wannan yana kama cajin − na maƙwabcinsa, irin kamun da ke cikin gishiri.

Idan aka zuba shi a ruwa mai tsananin tsami, pH ƙasa da 2, kaboksil zai karɓi H⁺ ɗinsa, cajin + ya rage shi kaɗai. Idan pH ya wuce 10, amino zai saki nasa, cajin − ya rage. A tsakani akwai matakin da cajin ke zama sifiri daidai, ana rubuta shi pI. Na gilaisin ana samunsa ta haɗa 2.34 da 9.60 a raba biyu, ya ba da 5.97. Amfanin wannan lissafi zai fito a amsar gwajin jinotayif.

Guda nawa ne? Wani littafi ya ce 20, wani 22, wani fiye da 500.

Duka gaskiya suka faɗa, abin da kowanne ke ƙirgawa ne daban. 20 su ne waɗanda DNA ke da kodon na kai tsaye dominsu a dukkan halittu; kodon shi ne jerin haruffa uku na DNA. Cikin kodon 64, guda 61 na nuna amino asid, 3 na nuna inda za a tsaya. Na 21, selenosistayin, sistayin ne da aka sa seleniyam a gurbin salfarsa, yana cikin wasu enzaim na jikin ɗan Adam, kuma da kodon UGA ake saka shi, wanda a ka'ida alamar tsayawa ne. Na 22, firolaisin, a wasu ƙananan halittu masu fitar da iskar mitan ake samunsa, babu shi a jikinmu. Fiye da 500 kuwa ya haɗa da duk waɗanda aka samu a tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin halitta amma ba a gina furotin da su, irin su GABA na ƙwaƙwalwa da onitin na hanta. A jarrabawa, in ba a yi ƙarin bayani ba, 20 ake nufi.

Yaushe aka gano su?

Ba rana ɗaya ba. A 1806 Vauquelin da Robiquet suka fitar da asfarajin daga ruwan wani tsiro a Faransa, shi ne na farko. Braconnot ya samu gilaisin daga jelatin a 1820, Ritthausen ya samu gulutamik asid daga furotin ɗin alkama a Jamus a 1866. Na ƙarshe cikin 20 ɗin, tireyonin, sai a 1935 William Rose ya gano shi a Amurka, yana cikin binciken dalilin da ya sa ɓeraye ba sa girma idan an ciyar da su da amino asid 19 da aka sani a lokacin.

Tunda gindinsu ɗaya, ta yaya ake kasa su?

Da halin reshe, kuma tambaya biyu ta isa: reshen yana da caji? In ba shi da shi, yana shiri da ruwa ko yana gudunsa?

Masu gudun ruwa 9 ne, reshensu kusan duk kabon da haidirojin ne: gilaisin, alanin, balin, lusin, aisolusin, metiyonin, furolin, fenilalanin da tiriftofan. Masu son ruwa marasa caji 6 ne, a reshensu akwai OH, ko SH, ko rukunin amaid (CONH₂): serin, tireyonin, tairosin, sistayin, asfarajin da gulutamin. Masu cajin − biyu ne, asfatik asid da gulutamik asid, saboda kowannensu yana da kaboksil na biyu a reshe. Masu ɗabi'ar bes uku ne: laisin da ajinin, waɗanda kullum ke ɗauke da cajin + a jiki, sai histidin. Littattafai kan ɗan saɓa a kan inda za a sa gilaisin, sistayin da tairosin, wannan ba abin damuwa ba ne.

Histidin ya cancanci a tsaya a kansa. Reshensa yana sauya hali a pH kusan 6, dab da na jiki, don haka cikin sauƙi yake karɓar H⁺, cikin sauƙi yake sakinsa. Shi ya sa ake yawan samunsa a daidai wurin da enzaim ke aikinsa, kuma shi ne ke riƙe da atom ɗin ƙarfe a himogulobin.

Dole ne in haddace zanen duka 20?

Idan bayokemistiri kake karantawa, i, dole ne, amma ba da haddar ka ba. Fara da alanin, mai reshen CH₃, ka riƙa cire H ɗaya kana maye gurbinsa. Sa OH, ka samu serin. Sa SH, ka samu sistayin. Sa zoben benzin, wato zobe mai kabon shida, ka samu fenilalanin. Ƙara wa zoben OH, ya zama tairosin. Sa COOH, ka samu asfatik asid. Mai da wannan COOH ɗin CONH₂, ya zama asfarajin. Ƙara wa waɗannan biyun CH₂ ɗaya, sai ga gulutamik asid da gulutamin. Sa zobe mai naitirojin biyu, histidin ke nan. Sa zobba biyu a manne masu naitirojin ɗaya, tiriftofan ke nan. Daga alanin kaɗai ka fitar da goma.

Sauran ma da dangantaka. Balin reshensa ya rabu biyu, CH₃ ta kowane gefe; ƙara masa CH₂ daga tushe, ya zama lusin. Aisolusin atom ɗinsa daidai da na lusin ne, C₆H₁₃NO₂, nauyi 131, wurin da reshen ya rabu ne kawai ya sauya. Tireyonin serin ne da aka ƙara wa CH₃. Laisin CH₂ huɗu ne a jere da amino a ƙarshe. Wanda ya koya ta wannan hanya, ko ya manta suna, zai kalli zane ya faɗi halin abin, wannan kuwa shi ne abin da ake nema.

Me ya sa ake yawan ware gilaisin da furolin?

Domin su biyun ne ke canza yadda sarƙar furotin ke lanƙwasa. Gilaisin kusan ba shi da reshe, don haka yana shiga matsatsin da wani ba zai shiga ba, sarƙa kuma na juyawa a wurinsa yadda take so. Furolin akasin haka ne: reshensa ya zagayo ya kama naitirojin ɗin gindinsa, ya rufe zobe, sai wurin ya sandare.

A kolajin ake ganin aikinsu tare. Shi ne furotin mafi yawa a jiki, yana fata da jijiya da ƙashi, kuma sarƙoƙi uku ne aka tufka. Kowane amino asid na uku a sarƙar gilaisin ne, domin tsakiyar tufkar ba ta da wurin da ya fi H ɗaya. Furolin ke ba ta tauri. Bayan an gama jera sarƙar, wani enzaim kan ƙara wa wasu furolin ɗin OH, aikin da ba ya yiwuwa sai da bitamin C. In babu shi kolajin ya yi rauni, dasashi ya riƙa jini, ciwo ya ƙi warkewa. Idan aka daɗe ana dafa ƙafar sa ko ganda, tufkar ce ke warwarewa, shi ya sa romon ke daskarewa in ya kwana ya huce. Wannan daskararren abu shi ne jelatin.

Mene ne ma'anar L da D da ake rubutawa gaban suna?

Duk kabon da ke riƙe da abu huɗu mabambanta, hanya biyu ake iya jera su, ɗaya kamar hoton ɗaya a madubi. Dubi hannayenka: yatsu iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amma safar hannun dama ba ta zama a hagu. Haka L-alanin da D-alanin suke. Nauyinsu ɗaya, zafin narkewarsu ɗaya, amma enzaim yana bambance su sarai. Gilaisin kaɗai ba shi da L ko D, saboda H biyu yake riƙe da su. Tireyonin da aisolusin kuwa irin wannan kabon biyu gare su.

Furotin na dukkan halittu da L ake gina shi. Idan aka haɗa amino asid a kwalba ba tare da enzaim ba, kamar a gwajin da Stanley Miller ya wallafa a 1953, rabi L rabi D ake samu. Amma D ma yana da wurinsa: bangon ƙwayoyin bakteriya yana ɗauke da D-alanin da D-gulutamik asid. Maganin fenisilin siffarsa ta yi kama da D-alanin biyu a haɗe, sai enzaim mai gina bangon ya kama shi a kan kuskure, aikinsa ya tsaya, ƙwayar ta fashe. Tunda ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, maganin ba ya taɓa su ta wannan hanya.

Kuskuren da ɗalibai ke yawan yi shi ne ɗauka cewa L na nufin abin yana juya haske hagu. Ba haka ba ne. L da D jerin atom suke nunawa, an samo su ta kwatantawa da sinadarin gilisaraldihaid. L-alanin ma dama yake juya haske.

Yaya ake ɗaure su su zama furotin?

Kaboksil na farko ya saki OH, amino na biyu ya saki H, su biyun su fita a matsayin ruwa, H₂O, sai kabon ɗin ya kama naitirojin kai tsaye. Wannan ɗauri, CO–NH, shi ne haɗin feftaid, wanda Emil Fischer da Franz Hofmeister suka bayyana a 1902. Gwada da lissafi: gilaisin 75, alanin 89, a cire 18 na ruwa, abin da aka haɗa nauyinsa 146. Kowace sarƙa tana da baki biyu, bakin N mai amino a sake da bakin C mai kaboksil a sake, kuma daga bakin N ake fara karantawa. Saboda haka gilaisin-alanin daban yake da alanin-gilaisin. Da amino asid 20, jerin biyu-biyu 400 ake iya samu, na uku-uku 8,000, daga nan lissafin ya wuce misali.

Haɗin feftaid ba ya juyawa. Elektiron ɗin C=O suna yaɗuwa har kan naitirojin, sai atom shida da ke kewayen haɗin su kwanta a shimfiɗa ɗaya. A gefe biyu na alfa-kabon kawai sarƙa ke iya murɗawa. A jiki ribosom, injin gina furotin da ke cikin ƙwayar halitta, ke yin wannan ɗauri, da ƙarfin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi, yana bin jerin da DNA ya tsara. Frederick Sanger ne ya fara karanta cikakken jerin wani furotin, insulin, mai amino asid 51 a sarƙa biyu, 21 da 30, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1958.

A hanji kuwa ruwan da aka cire ake mayarwa don a kwance haɗin, kuma kowane enzaim da reshen da yake nema. Tirifsin yana yanka bayan laisin ko ajinin, kaimotirifsin bayan masu zobe irin fenilalanin da tairosin.

Me ke sa sarƙar ta naɗe ta yi siffa?

Abu na farko gindin ne da kansa: H na NH a nan yana jan O na CO a can, sai sarƙa ta murɗe ta zama alfa-heliks, mai amino asid 3.6 a kowane zagaye, ko ta jeru gefe da gefe ta zama shimfiɗar beta. Pauling da Corey suka bayyana waɗannan a 1951. Abu na biyu, wanda ya fi ƙarfi, rassa ne. Masu gudun ruwa suna tattaruwa a ciki, masu caji da masu son ruwa suna fitowa waje, + yana neman −, sistayin yana neman ɗan'uwansa. Christian Anfinsen ya warware wani enzaim mai amino asid 124, ya cire abin da ya warware shi, sai enzaim ɗin ya sake naɗe kansa ya koma aiki, abin da ya nuna cewa jerin ne ke tsara siffa.

Idan ka fasa ƙwai a kasko, farin ya tashi daga ruwa-ruwa ya zama fari mai tauri, haɗin feftaid bai tsinke ba. Naɗin ne zafi ya warware, rassa masu gudun ruwa suka fito fili suka manne da na maƙwabta.

Da gaske canjin amino asid ɗaya tak yana iya kawo cuta?

Da gaske, kuma mu a nan ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. Ciwon sikila, amosanin jini, shi ne. Himogulobin sarƙa huɗu ne, alfa biyu masu amino asid 141 kowace, beta biyu masu 146. A gurbi na 6 na sarƙar beta, mai lafiya yana da gulutamik asid. Mai sikila yana da balin. A DNA harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957, bayan Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa cajin himogulobin ɗin masu sikila ya bambanta.

Koma kan rabe-raben reshe da aka yi a baya. Gurbi na 6 a waje yake, yana fuskantar ruwa. Gulutamik asid mai caji ne, can ne wurinsa. Balin mai gudun ruwa ne, an bar shi a fili. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin, wani ɗan rami kan buɗe a jikinsa, wanda fenilalanin na 85 da lusin na 88 suka kewaye, su ma masu gudun ruwa. Sai balin na wannan ya faɗa ramin wancan, na wancan ya faɗa na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jinin. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20, kafin nan kuma ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci, da ɗashewar ido, da yawan ƙarin jini, daga nan suke. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ciwon a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Akwai kuma himogulobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. Gurbin dai na 6 ne, amma laisin ne ya shiga. Laisin mai caji ne, ba ya neman ramin, don haka ba ya yin zaruruwan. Ciwonsa ya fi sauƙi, sai dai idan ya haɗu da S, wato himogulobin na sikila, ya zama SC, nan ma akwai wahala.

To yaya gwajin jinotayif ke bambance A da S da C?

Da caji. A hanyar da aka fi amfani da ita, ana ɗiga jinin da aka fasa ƙwayoyinsa a kan wata takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwa mai pH kusan 8.6, a kunna lantarki. A wannan mataki duk himogulobin cajin − ke gare shi, sai ya nufi sandar +. A, himogulobin na mai lafiya, ya fi kowa gudu. S ya rasa cajin − ɗaya a kowace sarƙar beta, sai ya biyo baya. C an cire masa − an sa +, shi ne can ƙarshe. Mai gwaji ya ga layi ɗaya ko biyu, ya rubuta AA, AS, SS ko AC. Takardar da ake nema kafin ɗaurin aure a kan wannan bambancin caji ta dogara, kuma ya kamata a yi gwajin a wurin da aka amince da aikinsa.

Furotin ma yana da pI, kuma a nan ne ya fi saurin dunƙulewa, tunda babu cajin da zai sa ya ture ɗan'uwansa. Madarar da aka tatso yanzu pH ɗinta kusan 6.7 ne, furotin ɗinta kesin yana ɗauke da cajin −, yana yawo a warwatse. Idan ta kwana a ƙwarya, bakteriya suka mai da sukarinta laktik asid, pH ya sauko 4.6, kesin ya rasa cajinsa ya kama juna. Kindirmo ke nan.

Me salfa ke yi a sistayin da metiyonin?

A sistayin, salfar tana ƙarshen reshe a matsayin SH. Idan sistayin biyu suka kusanci juna, kowanne ya saki H, sai su ɗaure S–S. Wannan ɗauri ne na gaske, ya fi jan caji ƙarfi nesa ba kusa ba. Uku ne a insulin, biyu suna riƙe sarƙoƙin biyu, ɗaya yana cikin gajeriyar. Keratin na gashi da farce da ƙaho da kofato cike yake da shi, shi ya sa suke da tauri, kuma da wannan salfa a cikin ƙaurin da ke tashi in ana babbakar kai da ƙafa ranar Babbar Sallah. Man miƙar da gashi ma waɗannan ɗaure-ɗaure yake tsinkawa, shi ya sa gashi ke karyewa in an yawaita shi.

Salfar metiyonin tana tsakiyar reshe ne, tsakanin kabon biyu, ba ta yin S–S. Nasa aikin daban: da shi ake fara kowace sarƙar furotin, kodon ɗinsa AUG shi ne alamar farawa.

Me ya sa jiki ke iya haɗa wasu, wasu kuma sai an ci?

Rukunin amino ba shi ne matsala ba, jiki na iya ɗauke shi daga wannan ya ɗora wa wancan. Reshen ne matsala. Ba mu da enzaim ɗin gina zoben benzin daga tushe, ko reshe mai rabuwa irin na balin. Shi ya sa 9 suka zama wajibi a abinci: histidin, aisolusin, lusin, laisin, metiyonin, fenilalanin, tireyonin, tiriftofan da balin. Tairosin muna haɗa shi, amma daga fenilalanin. Salfar sistayin kuma daga metiyonin take. Tsirrai suna da hanyar gina masu zobe, kuma ita maganin ciyawa gilaifoset ke toshewa, shi ya sa ciyawar da aka fesa wa ke ɗaukar kwanaki kafin ta bushe.

Gero da dawa da shinkafa da masara duk suna da ƙarancin laisin, masara ta ƙara da ƙarancin tiriftofan. Wake da waken suya suna da laisin sosai, metiyonin ne ya yi musu kaɗan, hatsi kuwa yana da shi. Shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ko fura da nono, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Inda abin ya fi muhimmanci shi ne yaron da aka yaye: kunun hatsi zalla ba zai ishe shi ba, a sa masa garin waken suya ko gyaɗa ko madara. Ribosom ba ya tsallake gurbi, in laisin ya ƙare gini ya tsaya, ko da sauran 19 suna nan jibge. Wannan ne ya sa masu bincike suka samar da irin masara mai kusan ninkin laisin da tiriftofan, kamar Obatanpa da aka fitar a Gana a 1992. Ganda kuwa, duk da furotin ce, kolajin ɗinta ba shi da tiriftofan, ba ta maye gurbin nama.

Gulutamet na farin magi da na daddawa abu ɗaya ne?

Ɗaya ne. Gulutamik asid da ya saki H⁺ shi ne gulutamet. A haɗa shi da sodiyam ɗaya, a samu MSG. Kikunae Ikeda ne ya gano a Japan a 1908 cewa shi ke ba romon wata ciyawar teku ɗanɗanonsa, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Harshe ba ya jin gulutamet ɗin da ke ɗaure cikin furotin, sai wanda aka kwance. Aikin da mai daddawa ke yi ke nan: ta dafa kalwa, ta cire ɓawo, ta rufe ta kwana biyu zuwa uku, bakteriya su yanyanka furotin ɗin su saki amino asid. Ƙarfin warin ma daga nan yake, wani ɓangaren naitirojin ne ke fita a matsayin amoniya. Bambancin shi ne daddawa na zuwa da furotin da mai, farin magi kuwa gulutamet ne da sodiyam kawai. Mai hawan jini ya lissafa wannan sodiyam tare da gishirin da ya zuba.

Yaya ake gane amino asid a ɗakin gwaji?

Idan aka ɗumama shi da ninhaidirin, launin shuɗi mai jan-ja yake bayarwa. Furolin rawaya yake bayarwa, saboda naitirojin ɗinsa na kulle a zobe, kamar yadda aka bayyana a baya. Da wannan sinadari masu binciken laifi ke fito da zanen yatsa a kan takarda, domin gumi na ɗauke da amino asid. Gwajin bayuret daban ne, haɗin feftaid yake nema, aƙalla biyu, don haka furotin yake nunawa. Tiriftofan da tairosin kuma suna shan hasken da ido ba ya gani a nanomita 280, da haka ake auna yawan furotin a ruwa.

A abinci, hanyar Kjeldahl ta 1883 naitirojin take aunawa, a ninka da 6.25, tunda kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. Rauninta shi ne ba ta san daga ina naitirojin ɗin ya fito ba. A 2008 aka gano ana zuba melamin a madarar jarirai a ƙasar Sin don gwaji ya nuna furotin mai yawa. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, shida suka rasu.

Me ya sa harafin wasu bai dace da sunansu ba, kamar K da W?

Saboda sunaye da yawa da harafi ɗaya suka fara. Margaret Dayhoff ce ta tsara haruffan don rage wa kwamfutocin zamaninta nauyi. A ya tafi ga alanin, sai ajinin ya samu R, asfarajin N, asfatik asid D. G na gilaisin ne, gulutamik asid E, gulutamin Q. L na lusin, laisin K. T na tireyonin, tairosin Y, tiriftofan W. P na furolin, fenilalanin F. In ka ga E6V a takardar bincike, gulutamik asid ne a gurbi na 6 ya koma balin, wato sikila. E6K kuma himogulobin C.

Idan mutum ya ci furotin fiye da buƙata, ina ragowar ke zuwa?

Jiki ba shi da rumbun amino asid kamar yadda yake tara kitse. Sai ya raba ragowar gida biyu. Ɓangaren kabon a ƙone shi a samu ƙarfi, ko a mai da shi sukari ko kitse; lusin da laisin kaɗai ba sa komawa sukari. Rukunin amino kuma a tattara shi a kan gulutamet a kai hanta, inda yake fita a matsayin amoniya. Amoniya guba ce ga ƙwaƙwalwa, don haka nan take hanta ke mai da ita yuriya, CO(NH₂)₂, ta wani zagaye da Krebs da Henseleit suka gano a 1932, wanda onitin da sitirulin da ajinin ke cikinsa. Ƙoda ta tace ta, ta fita a fitsari. Sinadarin ɗaya ne da takin yuriya da manomi ke zuba wa masara. Tsuntsaye kuwa yurik asid suke fitarwa, shi ne farin da ake gani a kashin kaji.

Wannan ne dalilin da ya sa likita ke duba yuriya a jini in yana zargin ƙoda, kuma ya sa mai tsananin ciwon hanta kan rikice in amoniya ta taru. Mai ciwon ƙoda kada ya sha garin furotin ko ƙwayoyin amino asid irin na masu motsa jiki sai da izinin likitansa.